Electroliner: jirage biyu da suka fi layinsu tsawon rai, da yanda suka tsira daga 'yan gwangwan

Electroliner jirgin ƙasa ne mai lantarki, guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa a duniya, a 1941, kuma yau sama da shekara 80 dukansu biyun suna nan, ɗaya a jihar Illinois ɗaya a Pennsylvania a Amurka. Wanda bai san harkar ba zai ce to sai me, amma fa layin da aka ƙera su dominsa tun 1963 aka rufe shi aka ɗebe dogon, kamfanin da ya ƙera su wato St. Louis Car Company shima ya daɗe da rufewa, mafi yawan taragan da suka yi aiki tare dasu a layi ɗaya an yanka an sayar a kilo. Abun da nake so mu duba shine yanda aka yi waɗannan biyun suka kuɓuta, saboda in ka bi labarin da kyau zaka ga kyansu kaɗai bai isa ya cece su ba, akwai jirage masu kyau da yawa da aka yanka.

Bari mu fara da irin jirgin. A farkon ƙarni na 20 Amurka ta cika da wasu layukan dogo na lantarki da suke haɗa gari da gari, wanda suke kira intaraban. Ba su kai manyan jiragen ƙasa masu injin tururi girma ba, sun kuma fi taragon cikin gari gudu, a cikin gari suna bin tsakiyar titi tare da mutane da dawakai da motoci, da sun fita bayan gari kuma sai su hau layinsu su buɗe wuta. Wajen 1916 tsawon irin wannan layi a ƙasar ya haura mil 15,000. Daga nan mota ta yi arha, gwamnati ta shimfiɗa kwalta, sai ga karayar tattalin arziki ta 1929, kafin a kai 1940 mafi yawansu sun mutu murus.

Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage shine Chicago North Shore and Milwaukee, wanda kowa ke kira North Shore Line, yana tashi daga Shikago zuwa Milwaukee, tafiyar kusan kilomita 140 ta gefen tafkin Michigan. Attajirin lantarkin nan Samuel Insull ne ya karɓe shi a 1916 ya zuba masa kuɗi, a 1926 aka buɗe sabon layi ta kwarin Skokie wanda ya kauce wa unguwannin bakin tafki, miƙaƙƙe, mai kyau, an gina shi dan gudu. Amma daular Insull ta rushe, a 1932 kamfanin ya faɗa hannun masu riƙo da kotu ta naɗa, a 1938 aka rage albashi ma'aikata suka shiga yajin aiki na wajen mako 7 ba jirgin da ya motsa. Kuma a daidai lokacin manyan kamfanoni suna ta fito da jirage masu sulɓi, Zephyr na Burlington a 1934, sai 400 na Chicago and North Western da Hiawatha na Milwaukee Road a 1935, kuma waɗannan biyun na ƙarshe hanya ɗaya suke bi da North Shore, Shikago zuwa Milwaukee, cikin kamar minti 75. Kai kuma kana nan da taragan ƙarfe na shekarun 1920, ba sanyi ba komai, ga bashi ya yi maka katutu.

A wannan halin ne suka yanke shawarar su yi odar sabon jirgi, kuma kuɗinsu guda biyu kawai ya iya saya.

Nan ne wurin da ya fi burge ni a labarin gaba ɗaya, saboda wahalar da injiniyoyin suka sha. Jirgin North Shore ba shi da tashar kansa a tsakiyar Shikago, aron hanya yake yi a kan layin jirgin cikin gari da ke kan gadar ƙarfe saman tituna, wanda 'yan garin ke ce wa L, kuma wannan layin yana da wasu kwanoni masu tsanani sosai, lanƙwasar wasu ba ta wuce ƙafa 90 ba, wajen mita 27, ga dakalin tashoshin an gina su daidai da siraran taragan cikin gari. Kenan dogon tarago ba zai sha kwanar ba, mai faɗi kuma zai kankare dakali. Daga can sai jirgin ya fita fili inda ake so ya yi mil 90 a awa, kilomita 145 kenan, sannan in ya shiga Milwaukee ya sauko kan titi ya bi sahun motoci yana tsayawa a danja har ya kai tasharsa. Wutar ma iri biyu ake ɗauka, a kan L daga dogo na uku da ke gefen layi, a waje kuma daga wayar sama ta hanyar wata sanda da ke kan rufin, kuma a Skokie ma'aikatan jirgin suna ɗaga sandar su ɗora a kan waya jirgin yana cikin tafiya ba tare da ya tsaya ba, da dare da rana, da ruwa da ƙanƙara. Gaskiya waɗannan mutane sun san aikinsu.

Mafitar da aka samu ita ce aka yi jirgin gaɓa-gaɓa, gajerun tarago 4 a haɗe, inda biyu suka haɗu suna zaune a kan rukunin tayoyi ɗaya, shi yasa gaba ɗaya rukuni 5 ne maimakon 8, tsawonsa duka wajen ƙafa 155, yana lanƙwasa a kwana ba gardama. Jikinsa kuma kamar randa, tsukakke a ƙasa daidai inda dakali yake, ya buɗe a ciki daidai inda kafaɗar fasinja take, dan a samu kujeru masu faɗi. Injinan lantarki 8 aka sa masa kowanne ƙarfin doki 125. Kai biyu gare shi, ba sai an juya shi ba in ya kai ƙarshen layi. Akwai na'urar sanyi, wanda a lokacin babban abu ne a irin wannan layi, fentin shuɗi-kore da ratsin ja mai haske harda zanen walƙiya, cikin kuma James Eppenstein ne ya tsara, da tarago ɗaya na cin abinci da shaye-shaye inda ake gasa wani burodi da nama da suka sa wa suna Electroburger, har yau tsofaffin fasinjoji suna maganarsa. Lambobinsu 801-802 da 803-804, suka fara aiki ran 9 ga Fabrairu 1941.

Wajen gwaji jirgin ya haura mil 110 a awa, sai aka lura yana isa mararrabar titi kafin shingen ya gama sauka, dole aka rage masa ƙarfi aka tsayar dashi wajen 90. Jirgin ya fi ƙarfin hanyarsa tun ranar farko kenan.

Su kansu jiragen ba su taɓa ba kamfanin kunya ba. Kowanne yana yin sawu 5 a rana tsakanin biranen biyu, kusan kullum, shekara 22, kowanne ya ci sama da mil miliyan 3. Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu 'yan watanni bayan sun fara, ga sansanin horar da sojan ruwa na Great Lakes da barikin Fort Sheridan duk a kan hanyar kamfanin, fasinja har ya yi yawa, kuɗi ya shigo, a 1946 kamfanin ya fita daga hannun masu riƙo. Ba su kamo Hiawatha a minti ba, amma suna ɗaukar mutum daga tsakiyar kasuwar Shikago a tashoshi da dama, kuɗin tikiti da sauƙi, jirgi kuma kowace awa, wannan shine abincinsu.

Abun da ya kashe layin babbar hanyar mota ce. Edens Expressway aka buɗe a 1951 kusan kafaɗa da kafaɗa da layin Skokie, a 1955 aka rufe tsohon layin bakin tafki, a 1960 aka buɗe wata babbar hanyar da ta haɗa Edens ɗin da tsakiyar birni, shi ke nan mai mota ba shi da sauran dalilin shiga jirgi. A ɓangaren masu kamfani kuma tun 1953 an mayar da shi ƙarƙashin wani kamfanin jari mai suna Susquehanna Corporation wanda hankalinsa yana kan wasu harkokin, a 1958 suka nemi izinin rufewa gaba ɗaya. Fasinjojin yau da kullum sun haɗa ƙungiya sun yi ta shari'a, sun ja abun shekaru, amma a 1962 hukumar tarayya ta amince. Ni a ganina in mai abu ya riga ya lissafa cewa rufewa ta fi masa riba, da wuya fasinja ya ci wannan faɗan ko da gaskiyarsa. Da asubar 21 ga Janairu 1963, cikin wani mugun sanyi, jirgi na ƙarshe ya shiga tasha. Kaɗan daga layin ya tsira, hukumar sufurin Shikago ta karɓi wajen mil 5 na farko ta buɗe Skokie Swift a 1964, wanda yau ake kira Yellow Line.

To a nan ne ya kamata a ce labarin Electroliner ya ƙare a hannun masu yankan ƙarfe. A 1963 gidajen tarihin jirgin ƙasa na 'yan sa kai galibi ƙanana ne, ɗan abun da suke iya saya tarago ɗaya ne ko biyu a farashin ƙarfe, kuma sun sayi wasu na North Shore ɗin ma, amma jirgi mai tsawon ƙafa 155 da ba a raba shi cikin sauƙi, wa ke da kuɗinsa, wa ke da wurin ajiye shi? Kuma muna da misalin abun da ke faruwa in ba a samu mai ɗauka ba. Kamfanin Illinois Terminal shima ya sayi jirage masu sulɓi daga wannan St. Louis Car ɗin a ƙarshen shekarun 1940, sun fi Electroliner sabunta, amma ba a auna su da kwanonin hanyarsu da kyau ba, a 1956 aka ajiye su, suka ƙare a filin 'yan gwangwan suna ruɓewa.

Abun da ya ceci Electroliner shine sun samu wani aikin. Wani kamfani a wajen Filadelfiya, Philadelphia Suburban Transportation Company wanda ake kira Red Arrow, yana da layi mai dogo na uku daga tashar 69th Street a Upper Darby zuwa Norristown, ya sayi duka biyun. Aka cire sandunan rufi tunda can ba wayar sama, aka cire matakalar hawa daga ƙasa tunda duk tashoshin masu dogon dakali ne, aka fasa jiki aka ƙara ƙofofi, aka sake fenti zuwa ja mai duhu da fari, aka sa musu suna Liberty Liners, 801-802 ya zama Valley Forge, 803-804 ya zama Independence Hall, suka fara aiki a farkon 1964.

Maganar gaskiya aikin bai dace dasu ba. Layin Norristown mil 13 ne da ɗan kai, wajen kilomita 21, tasha kusa da tasha, jirgin da aka yi dan ya miƙe a fili yana 90 sai ga shi kafin ya ɗau wuta an taka birki, ga nauyi ga shan lantarki, shi yasa galibi safe da yamma ake fito dasu lokacin cunkoson ma'aikata, ana sayar da kofi da safe, da yamma kuma abin sha. Ainihin masu layin su ne taragan Bullet da kamfanin Brill ya ƙera a 1931, waɗanda aka gwada siffarsu a ramin iska kafin a ƙera, marasa nauyi, su kam sun yi aiki har 1990. Hukumar sufurin yankin Filadelfiya, wato SEPTA, ta karɓi Red Arrow a 1970, ta ci gaba da lallaɓa Liberty Liners ɗin har ƙarshen shekarun 1970 ta ajiye su.

Masu son North Shore da yawa suna kallon zaman Filadelfiya a matsayin wulaƙanci, wai an ɓata musu jirgi an huda masa jiki. Na fahimce su amma ban yarda dasu ba sam. Waɗannan shekaru goma sha da jiragen suka yi suna aikin da bai dace dasu ba su ne suka ba gidajen tarihi lokacin girma. Duba Illinois Railway Museum, a 1953 wasu 'yan tsirarun mutane suka kafa shi dan su ceci tarago ɗaya tak, lamba 65 na Indiana Railroad, suna ajiya a filin wata masana'antar narka ƙarfe a North Chicago, sai a 1964 suka koma ƙauyen Union suka samu tsohuwar hanyar wani layin lantarki da ya mutu, suka fara shimfiɗa dogo da hannunsu suna kafa turaku suna ja waya. Da a 1963 aka ce su ɗauki Electroliner da sai dai su kalle shi. Amma a farkon shekarun 1980 da SEPTA ta sa jiragen a kasuwa, suna da layi, suna da rumfuna, suna da wuta, suna da mutane, suka ɗauki 801-802 suka maida shi gida Illinois. Shi kuma 803-804 gidan Rockhill Trolley Museum da ke Rockhill Furnace a Pennsylvania ya ɗauka, maƙwabcin tsohon layin East Broad Top.

Daga nan sai tambayar da duk mai adana kayan tarihi yake cin karo da ita, abu ya yi rayuwa biyu, wacce zaka nuna wa mutane? In ka maida shi Electroliner ka goge shekarun Filadelfiya, kuma akwai dubban mutane da a wannan kamannin kawai suka san shi, shi suka hau zuwa aiki. In ka bar shi Liberty Liner kuma ka bar shi da ƙofofin da ba nasa ba. Sa'ar da aka yi su biyu ne. Na Illinois suka toshe ƙofofin da aka ƙara, suka maido matakala da sandunan rufi, suka maido fentin North Shore da walƙiyarsa, a 1991 da jirgin ya cika 50 aka fito dashi mutane suka gani. Na Rockhill suka bar shi a kamannin Independence Hall da jan fentinsa, illa dai dole a sa masa sanda tunda su wutarsu a wayar sama take, gidan da yara da baƙi ke yawo ba wanda zai shimfiɗa dogo mai wuta a ƙasa. Ko a nan kaga ba wanda ya samu asali ɗari bisa ɗari, kowanne ya ɗan saki wani abu dan jirgin ya iya motsi, kuma ni ina ganin motsin ya cancanci hakan.

Abun da mutane ba su cika ganewa ba shine saye da fenti su ne ɓangare mai sauƙi. Na Illinois ɗin bayan an yi murnar fitowarsa bai daɗe yana ɗaukar mutane ba injinan suka fara ba da matsala, aka ajiye shi a rumfa shekaru masu yawa, kyakkyawa a ido amma ba ya aiki. Kuma ba abun mamaki bane, injin da ya ci mil miliyan 3 a North Shore ya ƙara wasu shekarun a hannun masu tsuke aljihu, rufin wayoyin cikinsa ya bushe ya farfashe, in ka matsa masa ƙonewa zai yi. Gyaran kuma ba irin na tarago ɗaya bane da zaka ɗaga gefe ka zaro tayoyi, tunda gaɓoɓin suna tarayya a ƙafa, wato rukunin tayoyi, sai ka raba jirgin gaba ɗaya ka ɗora kowace gaɓa a kan wani abu kafin ka taɓa rukunin tayoyin. Injina 8 kowanne sai an sake naɗa masa waya, tayoyi, birki, na'urar sanyi ta 1941 wacce ba shagon da zaka shiga ka ce a baka kayanta, kuma ba zaka ce a bar sanyin ba saboda tagogin a like suke, da rani ba mai iya zama a ciki. Ga kujeru sama da 100 da ake so a samu yadi mai kama da na asali. A shekarun 2010 gidan ya buɗe gidauniya ta musamman dan wannan jirgi, aka raba shi, aka fitar da injina da ƙafafun aka kai wa 'yan kwangila, 'yan sa kai kuma suka duƙufa a ciki suna kankare tsohon fenti suna gyara tagogi ɗaya bayan ɗaya.

Kuma su waye 'yan sa kan nan? Mutane ne masu aikinsu, wasu 'yan fansho, wasu tsofaffin ma'aikatan jirgi, wasu samari, suna zuwa Asabar da Lahadi ba ko sisi, kuɗin kuma daga tikitin baƙi da gudummawar masu sha'awa yake fitowa, dala 20 nan dala 100 can. Wannan shine abun da ya fi damuna game da gaba, saboda waɗanda suka hau Electroliner suna yara a 1962 yanzu sun haura 70, su ne suka fi buɗe aljihu, su ne kuma suka san ƙarar da injin ke yi in yana lafiya da wadda yake yi in zai ba da matsala. Wanda ya iya gyaran na'urar sarrafa wuta ta wancan zamani ba a makaranta ya koya ba, a gefen wani dattijo ya tsaya. Shi yasa nake ganin gidajen da suka nace sai jirgi ya yi tafiya sun fi waɗanda suke kulle shi a bayan igiya hangen nesa, duk da cewa tafiyar tana cin tayoyi tana cin injin, saboda jirgin da ke tafiya dole a samu mai tuƙa shi da mai duba birkinsa da mai hawa turke ya gyara waya, kuma ta haka ne yaro ɗan shekara 19 yake koyon aikin.

Akwai iyaka dai ga abun da za a iya maidowa. Layin gidan Illinois bai kai mil 5 cikakku ba, na Rockhill bai ma kai haka ba, ba inda jirgin zai sake yin 90, ba gadar L ba titin Milwaukee, mafi yawan tsohuwar hanyar North Shore yanzu hanyar keke ce da turakun lantarki. Wanda yake so ya ji yanda irin wannan tafiya take a aikace sai ya hau South Shore Line daga Shikago zuwa South Bend a Indiana, shima tsohon layin Insull ne, shi kam bai mutu ba saboda yana da kayan dako da suka riƙe shi, daga baya kuma hukuma ta shigo da kuɗin jama'a ta ɗauki nauyin fasinja, abun da North Shore bai samu ba tunda an rufe shi shekaru kaɗan kafin Amurka ta fara tallafa wa jiragen fasinja na kewayen birane da gaske.